Iyali da Rigakafin Kashe Kai Tsakanin Matasan Latino a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda iyaye, malaman makaranta, tafintoci da ma'aikatan jinya suka fi yawan yi idan maganar yaron da ke tunanin kashe kansa ta taso a gidajen baƙi 'yan asalin Latin Amurka. Duk wanda yake cikin Amurka kuma yake da yaro a cikin haɗari yanzu, ya ajiye karatun nan ya kira 988, layin taimakon masu tunanin kashe kai, ko 911, lambar neman agajin gaggawa, idan yaron ya riga ya cutar da kansa.

Su wane ne matasan Latino, kuma me ya sa ake ware su a wannan magana?

Latino suna ne da ake kiran mutanen da asalinsu ya fito daga ƙasashen Latin Amurka, irin su Meziko, Gwatamala, Honduras, El Salvador, Kyuba, Jamhuriyar Dominika da Kolombiya, har da mutanen tsibirin Puerto Rico, waɗanda su 'yan ƙasar Amurka ne tun haihuwa. Ƙidayar 2020 ta nuna sun kai miliyan 62, kusan kashi 19 cikin 100 na jama'ar ƙasar, kuma a cikin kowane yara huɗu a Amurka ɗaya Latino ne. Sunan ɗaya ne, amma rayuwar ba ɗaya ba ce. Yarinyar da aka haifa a unguwar Bronx ta birnin New York, iyayenta 'yan Dominika, ba halinta ɗaya da yaron da ya tsallako iyaka shi kaɗai daga ƙauyen Gwatamala ba, wanda harshen Mam ya fi zama a bakinsa fiye da Sifaniyanci. Abin da ya haɗa su shi ne tasowa da ɗabi'a biyu, ta gida da ta makaranta, tare da iyayen da ƙaura ta gajiyar.

Yaya girman matsalar yake?

Tun 1991 hukumar hana yaɗuwar cututtuka ta Amurka, wato CDC, take yi wa ɗaliban sakandare tambayoyi duk bayan shekara biyu game da lafiyarsu. A 1995 kashi 21 cikin 100 na 'yanmatan Latino sun ce sun yi yunƙurin kashe kansu cikin shekarar da ta gabata, kusan ninki biyu na takwarorinsu farare da baƙaƙe. Daga baya adadin ya sauka kuma tazarar ta ragu, sai dai shekara da shekaru 'yanmatan Latino sun ci gaba da zarce fararen fata a yawan yunƙuri. A binciken 2021, wanda ya zo bayan annobar korona, kashi 30 cikin 100 na dukkan 'yanmatan sakandare a ƙasar sun ce sun yi tunanin kashe kansu da gaske.

Akwai abubuwa biyu da ya kamata a riƙe. Na farko, 'yanmata sun fi yawan yunƙuri, amma samari sun fi yawan mutuwa, don haka shirun yaro namiji ba shaidar lafiya ba ne. Na biyu, bincike ya sha nuna cewa matasan da aka haifa a Amurka sun fi waɗanda aka haifa a ƙasashen iyayensu shiga wannan haɗari, duk da cewa sababbin zuwa sun fi talauci. Wannan ya sa masana suka karkata ga abin da ke faruwa tsakanin iyaye da 'ya'ya yayin da zaman Amurka ke tsawo, kamar yadda amsar tambayar saɓani ta bayyana.

Me ya sa ake cewa a yi aikin da iyali, ba da yaron shi kaɗai ba?

Mai ba da shawara kan lafiyar ƙwaƙwalwa yana ganin yaro awa ɗaya a mako, sauran awannin kuwa a hannun mutanen gida suke. Su ne ke ganin ya daina cin abinci, su ne ke da makullin akwatin magani, su ne kuma za su kai shi asibiti ko su ƙi kai shi. Banda haka, Luis Zayas, wanda ya shafe shekaru yana nazarin 'yanmatan Latino da suka yi yunƙuri a birnin New York, ya gano cewa sau da yawa yunƙurin yana zuwa ne bayan rikici da iyaye, kuma abin da ya fi bambanta waɗanda suka yi da waɗanda ba su yi ba shi ne yadda yarinya ke jin mahaifiyarta tana fahimtar ta. Idan ciwon a tsakanin mutum biyu yake, yi wa mutum ɗaya magani rabin aiki ne.

Akwai kuma dalili na al'ada. Uwar da aka bari a kujerar jira, aka rufe ƙofa da 'yarta, aka fito ba a gaya mata komai ba, takan ɗauka cewa ana koya wa yarinyar bijire mata ne, kuma mako na uku ba za su dawo ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma iyayen da aka tambaye su ra'ayinsu tun ranar farko sun fi tsayawa har ƙarshen jinya.

Mene ne ainihin abin da ke jawo saɓani tsakanin iyayen da 'ya'yansu?

Yaro yana koyon Turanci da ɗabi'un Amurka cikin shekara ɗaya ko biyu, iyaye kuwa suna aikin gini, gona, kicin ɗin gidan abinci ko shara tare da mutanen da ke magana da harshensu, sai tazara ta buɗe a cikin gida. A makaranta ana koya wa yarinya ta faɗi ra'ayinta, ta kalli malami ido cikin ido. A gida ana sa ran abin da ake kira respeto, wato ladabi da rashin mayar wa babba magana, ana kuma sa ran 'ya mace ta zama mai haƙuri, mai kamun kai, mai sa bukatar gida gaba da tata, ɗabi'ar da masana ke kira marianismo.

A ɗauki misalin gida mai ɗaki biyu a unguwar Queens ta birnin New York. Uwa tana fita sharar ofisoshi ƙarfe huɗu na yamma, ba ta dawowa sai tsakar dare ya gota. 'Yarta mai shekara 15 ita ke ɗauko ƙannenta daga makaranta, ta ɗora tukunya, ta karanta wa uwar wasiƙar mai gida da takardar kuɗin wuta. Ranar Asabar ta nemi izinin zuwa gidan ƙawarta, aka hana ta, alhali yayanta namiji yana fita ya dawo lokacin da ya ga dama. Ta yi ƙorafi, uwar ta ce, "Saboda ke na baro ƙasata, da wannan za ki saka mini?" Yarinyar ta amsa da Turanci, wanda a kunnen uwar raini ne a kan raini. Aka ƙwace wayarta, aka yi kwana huɗu ba a yi mata magana ba. Uwar tana ganin ta kare 'yarta daga titunan da ba ta yarda da su ba. Yarinyar kuwa tana ganin ta zama 'yar banza wadda ta ci amanar wahalar uwarta, kuma ba ta da wanda za ta gaya wa, tunda wayar ma an karɓe.

Babu mugu a wannan labari, kuma wannan shi ne abin da masu jinya nagari suke fara nuna wa ɓangarorin biyu. Tun shekarun 1970 José Szapocznik da abokan aikinsa a Jami'ar Miami, suna aiki da iyalai 'yan Kyuba, suka ɓullo da dabarar ɗauke laifin daga kan uwa da 'ya a ɗora shi kan bambancin al'adu biyu, domin su haɗa kai su fuskanci matsalar maimakon su fuskanci juna.

Ƙaunar dangi da aka san Latino da ita kariya ce ko nauyi?

Duka biyun. Familismo, wato ɗaukar dangi a matsayin ginshiƙin rayuwa, yana ba yaro kaka, inna, kawu da uwar baftisma waɗanda zai iya gudu wurinsu, yana kuma ba shi dalilin rayuwa, domin matasa da yawa kan ce tunanin halin da mahaifiyarsu za ta shiga ne ya tsayar da su. Amma ƙaunar nan takan juye ta zama kaya idan yaro ya yarda cewa shi ne matsalar gidan. Yarinyar da aka raina a kan sadaukarwa tana iya kai kanta ga mummunan lissafin cewa gidan zai huta idan babu ita. Shi ya sa kalmomi irin su "kin zame mana wahala" ko "za ki kashe ni da baƙin ciki" suke da haɗari fiye da yadda mai faɗinsu yake zato. Haka kuma tsoron abin da Latino ke kira el qué dirán, wato me mutane za su ce, yana sa a rufe maganar a cikin gida har sai ta yi muni.

Yaran da suka daɗe ba sa tare da iyayensu fa?

A iyalai da yawa daga Amurka ta Tsakiya uwa ko uba ne ke fara tafiya, a bar yaro wurin kaka shekara biyar, takwas ko goma, ana aiko da kuɗi ana gaisawa ta waya. Nazarin Carola Suárez-Orozco kan yaran baƙi ya nuna mafi yawansu sun taɓa rabuwa da aƙalla ɗaya daga iyayensu a lokacin ƙaura. Idan yaro ɗan shekara 14 ya iso, yakan tarar da uwar da bai sani ba sosai, da mijinta, da ƙannen da ke hira da Turanci a gabansa, sannan ya rasa kakar da ta raine shi. Uwa tana jiran godiya, shi kuwa yana riƙe da tambayar da bai taɓa furtawa ba, wato me ya sa aka tafi aka bar shi.

Waɗanda suka biyo hanya su kaɗai, kamar dubban yaran da suka iso iyakar kudancin Amurka da Meziko tun daga 2014, sukan zo da abin da suka gani a hanya na duka, fyaɗe ko garkuwa, wasu kuma da bashin masu safara a wuyansu. Irin wannan yaro yana bukatar a duba shi kan firgicin da ke biyo bayan tashin hankali, kuma zaman iyali a nan yakan fara ne da ba uwa dama ta faɗi dalilin tafiyarta, yaro kuma ya faɗi abin da tafiyar ta yi masa, ba tare da an katse ɗayansu ba.

Waɗanne alamomi iyaye za su lura da su?

Maganar mutuwa ko ta "da ban zo duniya ba", rubuta ban kwana a waya ko a shafukan sada zumunta, rabar da kayan da yake so, janyewa daga abokai, sauyin barci da cin abinci, faɗuwar maki, shan giya ko ƙwaya, da sanya riga mai dogon hannu cikin zafi don ɓoye rauni. A matasa ciwon damuwa yakan fito da kamar fushi da taurin kai, ba kuka kaɗai ba, shi ya sa ake yawan hukunta shi a matsayin rashin kunya. A gidajen Latino kuma yakan zo da sunan nervios, tare da ciwon kai da ciwon ciki da ba a gano dalilinsu ba. A ƙara sa ido idan wani abu ya faru kwanan nan, kamar rabuwa da saurayi, tsangwama a makaranta, kama uba ko tasa ƙeyarsa zuwa ƙasarsa ta asali, ko mutuwar wani ɗalibi. Sauƙin da ya zo kwatsam bayan dogon ƙunci ma abin tambaya ne, ba abin murna kaɗai ba.

Tambayar yaro kai tsaye ba za ta sa masa tunanin a rai ba?

Ba za ta sa ba. Madelyn Gould ta Jami'ar Columbia ta gwada wannan a 2005 da ɗaliban sakandare fiye da 2,000 a jihar New York, aka ga waɗanda aka yi wa tambayar ba su fi sauran shiga damuwa ko tunanin kashe kai ba. Yaron da yake cikin wannan hali ya riga ya san tunanin, abin da bai sani ba shi ne ko akwai wanda zai iya jin maganar bai fashe da faɗa ba.

A zaɓi lokacin da babu ƙanne a kusa, a mota ko wurin wanke kwanuka, inda ba sai an haɗa ido ba. Uwa tana iya cewa, "Mija, 'yata, na ga kwana biyu ba kya barci, kin daina zuwa wurin ƙawayenki. Wani lokaci idan abu ya yi wa mutum yawa yakan yi tunanin kashe kansa. Kina irin wannan tunani?" A guji tambayar da ta riga ta ba da amsarta, irin "ba dai kina tunanin wata wauta ba ko?", domin yaron da ya ji haka zai ce a'a don a bar shi.

Idan yaron ya ce eh, sai me?

A saurara, a gode masa da ya faɗa, kada a yi wa'azi, kada a lissafa masa wahalar da aka sha dominsa. A tambaye shi ko ya tsara yadda zai yi da lokacin da zai yi. Idan ya tsara, ko ya riga ya sha wani abu, kada a bar shi shi kaɗai, a tafi sashen gaggawa na asibiti ko a kira 911. Idan ba a kai nan ba, a kira 988, layin da aka buɗe ranar 16 ga Yuli 2022, wanda ke aiki dare da rana kyauta. Mai son Sifaniyanci ya danna 2, ko ya tura saƙon AYUDA zuwa 988. Iyaye ma suna iya kira don neman shawara kan ɗansu. A nemi ganin likitan yara ko mai ba da shawara na makaranta cikin kwana ɗaya ko biyu, a kuma yi abin da amsa ta gaba ta ƙunsa a daren nan, ba gobe ba.

Me ya sa ake nacewa kan kulle magunguna da bindigogi?

Domin matsanancin halin da ke kai matashi ga yunƙuri sau da yawa gajere ne, yana iya zama na mintoci ko awanni, kuma abin da ke kusa da hannu shi ake ɗauka. Idan aka sa tazara tsakanin yaro da abin da zai cutar da shi, guguwar takan wuce. Kimanin tara cikin goma na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Bindiga ita ce ba ta ba da dama ta biyu, kuma fiye da rabin masu kashe kansu a Amurka da ita suke yi, don haka mafi aminci shi ne a fitar da ita daga gidan gaba ɗaya na wani lokaci ta hanyar da dokar jihar ta yarda, in ba haka ba a kulle ta babu harsashi, harsasan kuma a wani wuri daban.

Magunguna ma a sa su cikin akwati mai makulli, har da na ciwon kai da ake saya ba takardar likita. A gidajen da ake zaune da dangi da yawa kada a manta da jakar maganin kaka, da maganin da aka aiko daga ƙasarsu ta asali, da gidan kawu inda yaron ke kwana ƙarshen mako. Wannan aiki na uba ne da uwa, kuma sau da yawa shi ne abu na farko da uban da ya rasa abin faɗa yake iya yi da hannunsa.

Mene ne rubutaccen tsarin kariya?

Takarda ce guda ɗaya da yaro ke rubutawa da kalmominsa tare da mai jinya, bisa tsarin da Barbara Stanley da Gregory Brown suka fitar. Tana farawa da alamomin da ke nuna masa cewa duhun ya fara saukowa, sai abubuwan da zai yi shi kaɗai don ya lafa, sai mutane da wuraren da ke ɗauke masa hankali, sai manyan da zai gaya wa gaskiya, sai lambobin likita da 988, sannan yadda za a tsare gida kamar yadda aka bayyana a sama. Iyaye su ma suna da nasu ɓangaren, kuma yana da kyau a rubuta shi da Sifaniyanci. Wasu iyalai kan yarda da wata kalma ko launi da yaro zai turo a waya, wanda ke nufin "ina cikin hali, ki zo kusa, kada ki yi tambaya tukuna". Tsarin ya bambanta da sa yaro ya yi alkawarin ba zai cutar da kansa ba, wanda ba a samu hujjar yana hana komai ba.

Akwai shirye-shiryen da aka gwada da iyalan Latino?

Akwai, ko da yake ba su kai yawan bukatar ba. A shekarun 1990 Mary Jane Rotheram-Borus da abokan aikinta suka gwada wani tsari a sashen gaggawa na wani asibiti a New York da 'yanmata 140, mafi yawansu Latino. An horar da ma'aikata, aka nuna wa iyali ɗan fim mai salon wasannin talabijin da suka saba kallo, aka kuma yi zaman iyali nan take, sai aka ga sun fi komawa jinya bayan sallama. Joan Asarnow ta Jami'ar Kalifoniya a Los Angeles ta ɗora a kan wannan aiki. A asibitin Montefiore da ke Bronx kuwa Alec Miller da Jill Rathus suka daidaita jinyar DBT, wato jinya ta hanyar tattaunawa da koyon sarrafa motsin rai, don matasa, inda iyaye da 'ya'ya ke zama aji ɗaya suna koyon sarrafa fushi da neman matsakaiciyar hanya tsakanin tsanani da sakaci.

Familias Unidas na Jami'ar Miami, wanda Hilda Pantin da Guillermo Prado suka jagoranta, an gina shi ne don hana shaye-shaye da halayen haɗari ta hanyar tarukan iyaye da zaman iyali, amma da aka duba bayanansa an ga raguwar yunƙuri a gidajen da magana tsakanin iyaye da yara ta yi rauni tun farko. Life is Precious, wanda Rosa Gil ta ƙungiyar Comunilife ta fara a New York a 2008, wuri ne da 'yanmata ke zuwa bayan makaranta don zane, kiɗa da taimakon karatu, iyaye mata kuma suna samun nasu tallafin. Yovanska Duarté-Vélez ta fara tsara wata jinya a Puerto Rico, ta ci gaba da ita a Jami'ar Brown, wadda ke sa maganar asali da al'ada a tsakiyar aikin. Gaskiyar magana ita ce yawancin gwaje-gwajen nan ƙanana ne, kuma iyalin da ke ƙauye a jihar Jojiya ko Nebraska da wuya su sami ɗaya daga cikinsu kusa. Abin da za su iya nema daga kowane mai jinya shi ne ya sa iyaye cikin aikin, ya yi tsarin kariya, ya kuma tambayi labarin ƙaurarsu.

Yaron da ya bayyana cewa jinsinsa yake sha'awa fa?

Wannan na cikin abubuwan da suka fi girgiza gidaje masu riƙo da addini, kuma haɗarin a nan babba ne. Binciken Caitlin Ryan na 2009, wanda ya haɗa da matasan Latino, ya nuna waɗanda iyalansu suka yi watsi da su sosai sun ninka sauran fiye da sau takwas wajen yunƙurin kashe kai. Masu aiki da irin waɗannan iyalai ba sa fara da neman iyaye su sauya aƙidarsu. Suna neman a daina duka, zagi, kora daga gida da hana yaro zama cikin dangi, domin rage waɗannan kaɗai yana rage haɗarin.

Iyalin da ba su da takardun zama ko inshora za su iya neman taimako?

Za su iya. Dokar EMTALA ta 1986 ta wajabta wa kusan dukkan asibitoci masu sashen gaggawa su duba duk wanda ya zo cikin halin gaggawa su daidaita shi, ko yana da kuɗi ko babu, ko yana da takardu ko babu. Hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler da Doe ya ba kowane yaro haƙƙin makarantar gwamnati, kuma ta makaranta ake samun mai ba da shawara kyauta. Yaran da aka haifa a Amurka suna iya cancantar Medicaid ko CHIP, wato shirye-shiryen inshorar lafiya na gwamnati, ko da iyayensu ba su da takardu, cibiyoyin lafiya na al'umma kuma suna karɓar kuɗi gwargwadon samun mutum. Layin 988 ba ya bukatar mai kira ya faɗi matsayin zamansa.

Tsoron iyaye dai yana da tushe. A Janairun 2025 gwamnatin tarayya ta soke ƙa'idar da ke taƙaita kamen da jami'an shige da fice ke yi a makarantu, asibitoci da wuraren ibada, kuma a Florida da Texas asibitoci suna tambayar matsayin zama, ko da yake majiyyaci yana da damar ƙin amsawa kuma ba za a hana shi kulawar gaggawa ba. Dokokin suna sauyawa, don haka a tuntuɓi lauyan shige da fice ko ƙungiyar taimakon baƙi tun kafin bukata ta taso. A kuma gaya wa yara wanda zai riƙe su idan aka kama iyaye, domin rashin sanin hakan kansa yana hana yaro barci.

Ya halatta yaron ko ɗan'uwansa ya yi tafinta a asibiti?

Bai kamata ba. Yarinya ba za ta fassara wa mahaifiyarta maganar mutuwar kanta daidai ba, za ta rage, za ta sassauta, kuma ɗora mata wannan aiki ƙari ne a kan nauyin da aka bayyana a amsar saɓani. Sashe na shida na dokar 'yancin jama'a ta 1964 shi ne tushen haƙƙin samun tafinta kyauta a asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Iyalan da harshensu K'iche', Mam ko Mixtec ne su faɗi haka ƙarara, domin ma'aikata sukan ɗauka duk wanda ya fito daga Gwatamala ko Meziko yana jin Sifaniyanci sosai. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, a gaya wa likita komai, har da shaye-shaye da cin zarafi idan akwai.

Ina matsayin addini da coci?

Iyaye da yawa wurin limamin Katolika ko fasto suke fara zuwa kafin likita, kuma hakan ba laifi ba ne muddin addu'a ba ta maye gurbin jinya ba. Abin da ke cutarwa shi ne gaya wa yaro cewa tunaninsa zunubi ne ko raunin imani, domin daga ranar ba zai sake faɗa ba. Koyarwar Cocin Katolika da aka wallafa a 1992 ta ce matsananciyar damuwar ƙwaƙwalwa tana iya rage alhakin wanda ya kashe kansa, kuma cocin yana yi wa irin waɗannan addu'a. Limamin coci da ya san wannan, tare da promotoras, wato matan unguwa da aka horar kan wayar da kai game da lafiya, sukan iya shawo kan iyalin da ke ganin zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa na mahaukata ne.

Bayan an sallamo yaro daga asibiti, an tsira ke nan?

A'a, makonni da watannin farko bayan sallama suna cikin lokutan da haɗarin ya fi yawa. A tabbatar an sami ranar ganin mai jinya cikin mako guda kafin a bar asibitin, a sanar da mutum ɗaya amintacce a makaranta, a ci gaba da kulle magunguna, a kuma yarda da yaron kan abin da za a gaya wa dangi domin kada labarinsa ya zama abin hira a taron biki. Idan an rubuta masa maganin damuwa irin fluoxetine, babba ne zai riƙe kwalbar ya riƙa ba shi. Tun 2004 irin waɗannan magunguna suna ɗauke da gargaɗin cewa tunanin kashe kai yana iya ƙaruwa ga wasu matasa a farkon sha ko lokacin sauya adadi, abin da ke nufin a sa ido a kuma kira likita idan an ga sauyi, ba a dakatar da maganin da kai ba. Ƙanne da yayye su ma sun tsorata, a yi musu bayani daidai shekarunsu.

Idan uba ya ƙi zuwa zaman iyali fa?

Ya zama ruwan dare, kuma ba kullum taurin kai ba ne. Mai aikin gini ko kicin da ake biya da awa, idan ya bar aiki ranar Talata da rana, kuɗin haya ne ya ragu, wani ma aikin zai rasa. Wani kuma kunya ce, yana jin kiran da aka yi masa tuhuma ce cewa ya kasa riƙe gidansa. Masu jinya da suka ƙware sukan kira shi da kansu, su gaishe shi da girmamawa, su ce shawararsa suke nema a matsayinsa na uba, su sa zaman da yamma, ranar Asabar ko ta bidiyo a waya lokacin hutun cin abinci. Ana iya ba shi aiki bayyananne, kamar riƙe makullin akwatin magani ko kai yarinyar makaranta da safe su biyu kaɗai. Idan duk da haka bai zo ba, a ci gaba da uwa, kaka ko inna, duk babban da yaron ya amince da shi. Inda kuwa uban ko wani a gidan shi ne mai dukan yaron ko cin zarafinsa, ba a haɗa su zama ɗaya, kuma doka ta wajabta wa likita da malami su kai rahoto ga hukumar kare yara ta jihar.